Fulawar da Na Zana a Ƙafar Inna

Assalamu alaikum, 'yan uwana na cikin waya. Kafin wata ta shigo mini akwatin saƙo da wa'azi, bari in rage mata aiki: na san laifina, kuma yau da bakina zan faɗe shi.

Ga wadda yau ta fara cin karo da ni, sunana Naja'atu, 'yar Gwarzo, auta a ɗakinmu, shekarata ashirin da huɗu. Sana'ata lalle. In kin taɓa zuwa biki a Gwarzo ko Getso kika ga ƙafar amarya har kika tambayi wa ya yi, to da wuya in ba ni ba ce. Ba yabon kai nake ba. To, yabon kan ne, amma ku bar ni in yi, don in na gama ba ku labarin nan ba zan ƙara samun bakin yi ba.

Ina da mai sona, Zainulabidin, mutumin Kabo, malamin kimiyya a wata sakandare. Wata takwas ke nan yana sallama a ƙofar gidanmu. Yana da aikinsa, yana da babur ɗinsa, ya gina ciki da falo a bayan gidansu har ya sa tayil, kuma duk shaye-shayensa a duniya bai wuce shayi ba. Aibinsa a wurin mutanen gidanmu guda ɗaya ne tak: zabiya ne.

Baba tun a zuwansa na biyu suka zauna suka sha hirar taki da irin dawa. Da ya shigo gida ya ce, "Ni ban ga laifin yaron nan ba. Amma ba zan ɗaura auren da uwarki ba ta sa wa albarka ba." Ya saɓi fartanyarsa ya tafi gona, ya bar ni da Inna. Duk wanda ya san Inna Uwaliya ya san Baba bai taimake ni da komai ba.

Inna baƙa ce, baƙin nan mai sheƙi, kuma tana ji da shi. Shekara talatin tana shanya, tana sheƙa, tana roron wake da tsakar rana, ko ƙurji bai taɓa fito mata ba. Takan murza damtsenta ta ce, "Wannan fatar da rana sun san juna." Amma kada in zalunce ta. Ba ta cikin masu camfe-camfe a kan zabiya. Ita abin da ta gani da idonta take faɗa.

"Na ga Ɗanladi na Madadi," haka take cewa duk sanda na ɗauko maganar. "Tare muka taso, shi ma irinsa ne. Ƙurji ya fito masa a bayan kunne, aka ce zafi ne. Ya zama gyambo, gyambo ya cinye kunnen ya gangaro wuya. Ko arba'in bai kai ba. Matarsa shekara uku tana wanke ciwo. Ni ban haife ki don ki tafi jinya ba, Naja."

Ku riƙe mini wannan maganar, za mu dawo kanta.

Mai taya Inna yaƙin ita ce Gwaggo Asiya, ƙanwar Baba, wadda sana'arta haɗa man bilicin. Fuskarta fara tas, kumatunta jawur, amma gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, su dai sun ƙi yarda da canjin gwamnati. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Gwaggo, ke kullum neman fari kike ido rufe. Ga wanda Allah Ya ba shi kyauta, kin ce ba kya so."

"Fari iri-iri ne, 'yar nan," ta ce ko kunya. "Akwai na gayu, akwai na ciwo." Ta zaro wata 'yar roba daga jakarta ta dire mini. "Safe da yamma. Kika ɗan yi haske masu mota za su fara tsayawa, ki huta da mai malafa."

Ba zan ɓoye muku ba, na shafa. Sati uku cur. Ba don masu mota ba, don dai na ga yadda 'yan matan layinmu suke fitowa a hoto.

Zainu bayan la'asar yake zuwa, in rana ta yi sanyi. Kullum riga mai dogon hannu, wuya a rufe, malafa mai faɗi a kan hularsa, baƙin tabarau, ga wani farin mai na kariya daga rana da yake shafawa har bayan kunne. Inna in ta ji ƙarar babur ɗinsa sai ta ce, "Ga mai shirin tafiya yaƙi nan ya iso." Idonsa ba ya gani sosai, waya ma sai ya kai ta har hanci yake karantawa. Amma ranar da na cika sati biyu ina shafa man, yana zama a kan bencin zaure ya cire tabarau ya ƙura mini ido.

"Naja, me kike shafawa?"

"Basilin."

"Basilin ɗin Gwaggo?"

Na hau wasa da bakin hijabina, ruwan toka mai hannu, wanda na goge musamman don a yaba, ba don a yi mini tambayar 'yan sanda ba.

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. "Ikon Allah. Abin da nake nema a kantin magani a cikin kwalba, ke an ba ki shi a jiki, kina sa hannu kina gogewa." Ya miƙo bayan hannunsa. "Kin ga, a cikin fatar kowa akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu rini. Suna yin launi suna raba wa maƙwabtansu, kowace ta kifa a kanta kamar malafar nan. Ni ma ina da masu rinin, tukunyarsu ce babu komai. To hasken rana in ya samu ƙwayar fata babu malafa, shiga yake ya ɓata rubutun da ke gaya mata yaushe za ta hayayyafa, yaushe za ta tsaya. Jiki ya gyara, a ɓata, ya gyara, a ɓata. Wata rana gyaran ya kuskure. Ƙwayar da ta manta tsayawa, ita ce kansa, ciwon daji."

"Duk a kan ɗan man da na shafa?"

"Ban ce man Gwaggo zai sa miki kansa gobe ba. Na ce yana hana masu rininki aiki, yana sa fata ta yi siriri. Ni da na san zaman duniya babu inuwa, ba zan so miki ba."

Wallahi maganar ta shige ni, amma ku san halina, ba na so a ga an ci ni. Na ce, "To ita wadda ta kashe Ɗanladin Inna fa?"

"Manyan kansar fata uku ne. Akwai malalaciya, tana zaune wuri ɗaya tana cin gefenta a hankali, da wuya ta yi tafiya. Akwai mai ɓawo, ta fara da ɗan kaushi-kaushi, ta koma gyambon da ba ya warkewa. Ita ke bin irinmu, kuma ina jin ita ta ci Ɗanladi. Baƙin mutum ma takan fito masa a tsohon tabon wuta ko gyambon da ya daɗe. In an gan ta da wuri cire ta ake yi a huta. Ni duk wata shida sai na je Kano an duba ni daga kai har ƙafa, sau biyu ana ƙone mini ɗan kaushi kafin ya zama wani abu. Ɗanladi ba zabiyanci ne ya kashe shi ba, rashin zuwa ne. Ta ukun kuma, sunanta melanoma, daga masu rinin kansu take tashi. Ba ta da yawa, amma ba ta zama wuri ɗaya. Ita a baƙar fata..."

"Malam," na katse shi, "zance ka zo ko darasi? In darasi ne a ba ni alli."

Ya yi dariya ya bar maganar. Na ji daɗi na ci nasara. Wannan katsewar tawa ta ci mana wata biyar.

Yanzu ga laifin.

Shekara biyu da rabi da suka wuce, ina yi wa Inna ƙunshi na ga wani ɗan baƙin ɗigo a gefen tafin ƙafarta ta hagu, kusa da diddige. Bai wuce ƙwayar wake ba. Na goge, bai fita ba. Inna ta ce sajen ne, sinadarin da ke mai da lalle baƙi, ya kama wurin. Da ya ƙi fita ta ce tawadar Allah ce, kakarta ma tana da ita. Amma ta tsane shi. Kun san zaman mata a gidan biki, a miƙe ƙafa a kan tabarma, kowa na karanta ƙafar kowa. Jan lalle ba ya rufe shi, yana leƙowa ta ƙasa. Ta ce, "Ke da kike gyara ƙafar 'ya'yan mutane, ki rasa yadda za ki yi da ta uwarki?"

Sai basira ta motsa. Na yanka salatif, na mai da ɗigon ya zama tsakiyar fulawa, na zagaye shi da ganye biyar, na bi da sajen ya yi baƙi siɗik. Jama'a, ta yi kyau! Bikin farko da Inna ta je da ita, mata huɗu suka biyo ni gida suna cewa irin fulawar Inna suke so. Har suna ta samu. Daga Kabo ma an sha yo mini waya a ce, "Ke ce mai fulawar Inna?" Duk sati uku nake sabunta mata, ba na bari ta koɗe. In na ga tsakiyar ta ɗan yi faɗi, sai in ƙara ganye don tsarin ya daidaita. Biyar ta zama shida, shida ta zama bakwai, har ta kai tara. Sau biyu na ga ɗan jini a auduga, Inna ta ce faso ne, na shafa mata man kaɗe na ci gaba da aikina. A raina har yaba wa kaina nake, wai hannuna yana ƙara buɗewa.

Wata biyu da suka wuce na ga masu kwalliyar birni suna sa hoton "kafin" da na "bayan" a sitatus, na ce ni ma ba a bar ni a baya ba. Karon farko na ɗauki ƙafar Inna tsirara, bayan na kankare tsohon lallen, sannan na ɗauki wadda aka gama. Mutum ɗari uku da wani abu suka kalla. Masu lafiyayyen ido duk suka turo mini hoton zuciya da na wuta. Mutum ɗaya ne, wanda ba ya gani sai ya kai waya hanci ya buɗe hoto da yatsa biyu, ya turo wani abu daban.

"Naja, ƙafar wa ce wannan?"

"Kishi kuma har da ƙafa?"

"Da gaske nake."

"Ta Inna ce."

Na ga yana rubutu, ya goge, yana rubutu, ya goge.

"Turo mini duk hotunan fulawar nan da kike da su. Tun na farko."

Na tura goma sha ɗaya, ina ta murna za a yabe ni. Bayan minti goma ya dawo mini da su ya jera su a hoto ɗaya, daga mai ganye biyar har mai tara. A ƙasa ya rubuta: "Ba fulawar ce take girma ba."

Sai tambayoyi suka biyo, ɗaya bayan ɗaya. Gefensa a zagaye yake ko a yayyage? Na buɗe hoton na duba. A yayyage. Launinsa ɗaya ne? A'a, akwai baƙi, akwai ruwan ƙasa, akwai wani wuri toka-toka. Ya taɓa jini? Na daɗe ina kallon wannan tambayar kafin na rubuta "sau biyu".

Ya turo saƙon murya. Har yanzu yana wayata, ban iya gogewa ba. "Ranar nan kin katse ni. Abin da zan ce shi ne, ta ukun a baƙar fata takan zo inda ba a zato: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Wannan ba ruwanta da rana, baƙin fata ba ya tare ta. Ni ba likita ba ne, Naja, Allah Ya sa tawada ce in ji kunya. Amma duk baƙin tabon da ke girma, gefensa ba daidai ba, launinsa ya rarrabu, har yana jini, ba a rufe shi. Kai shi ake yi a gani. Cikin satin nan."

Na samu Inna a tsakar gida a ƙarƙashin rumfa tana tsince shinkafa, Gwaggo na gefe tana juya haɗinta da cokali a cikin kwano. Na durƙusa na faɗa musu, da sauƙi-sauƙi, yadda ake gaya wa mutum an ci masa kaza.

Inna ta ajiye tire. Na zaci tsoro za ta ji. Ina!

"Ƙafata? Ya kalli ƙafata? Yaron da yake neman 'yata ya zauna ya buɗe tafin ƙafata yana leƙawa? Ina kunya ta tafi a duniyar nan?"

"Inna, a sitatus ya gani, kowa ma ya..."

"Kowa ya gani ya wuce, don kowa yana da tarbiyya!"

Gwaggo ta tafa hannu. "Yaya, ba ki gane ba? Dabara ce. An ce masa mai ciwo ne, shi ne yake so ya raba mana ciwon kowa ya samu. Kansar fata a jikinki? Ke da ko sauro sai ya yi shawara? Ba ni ƙafar nan in shafa mata haɗina, kwana bakwai in bai goge ba ki canza mini suna."

Na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi ba a gaban Inna ina magana. Na ce, "Wallahi Gwaggo in man nan ya taɓa ƙafarta sai na zubar da kwanon a kwata. Kuma Inna, na daina yi miki fulawa."

"Sai me? Ke kaɗai ce mai lalle a Gwarzo?"

Kwana huɗu ba ta yi mini magana ba sai ta aike. Baba ya sa baki ta ce masa ƙafarta ce. Na gaya wa Zainu na gaji, ya rubuto kalma ɗaya: "To."

Ranar Asabar, ƙarfe ɗaya saura, rana tana tsakiyar ka, irin wadda kaji ke buɗe baki a gindin randa, na ji ƙarar babur. Na ce a raina ba dai shi ba. Mutumin da ko ɗaurin auren abokinsa aka sa da azahar sai ya tsaya a cikin masallaci har a watse. Na zura hijabi na leƙa. Shi ne. Yana tsaye a tsakiyar layi, nesa da inuwar zaure, ya cire malafa ya rataye a hannun babur, ya cire tabarau, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Idonsa ko buɗuwa ba ya yi.

"Zainu, ka haukace? Shigo zaure!"

"Ki gai da Inna. Ki ce mata ina nan a tsaye har ta ce za ta je asibiti."

"Don girman Allah ka sa malafarka!"

"Ki dai gaya mata."

Na shiga da gudu. Inna ta ce, "Ya tsaya mana. Layin na gwamnati ne." Ta ci gaba da yankan kuɓewa. Minti biyar. Ta ce in leƙa ko ya tafi. Bai tafi ba, goshinsa ya fara ja. Minti goma, maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga. Na lura kuɓewar Inna ta daina fita daidai, wata ƙatuwa wata ƙarama. Minti ashirin, na dawo ina kuka na ce, "Inna, bayan kunnensa ya yi jawur."

Ban san na faɗi wurin da ciwon Ɗanladi ya fara ba sai da na ga fuskarta. Ta jefar da wuƙar, ta figi mayafi, ta tafi har bakin zaure ta tsaya a bayan ƙyaure inda ba zai gan ta ba.

"Kai, ɗan mutane! Shigo inuwa kada ka ƙone a ƙofar gidana a ce ni ce!"

Ya durƙusa a nan cikin ranar. "Ina wuni, Inna. Za a je?"

"Ji min yaro da taurin kai! Za a je! Na ce za a je! Naja, miƙa masa hular nan tasa da ruwa!"

Kwana uku fatarsa tana saɓulewa. Ban yi masa sannu ba sai da na gama yi masa masifa.

Ranar Laraba muka tafi babban asibiti a Kano, ni da Inna da Baba a motar haya, Zainu ya riga mu ya karɓi kati. Ɓangaren fata rabin layin zabiya ne, kuma kowa ya san shi. "Malam Zainu, yau ba ranarka ba ce ai." "Baƙuwa na kawo." Inna ta sha leshinta ruwan goro da mayafi mai duwatsu, ta zauna a ƙarshen benci tana kallon bango, don kada a zaci layinsu ɗaya. Kusa da ita wani dattijo ne zabiya, gemu har ƙirji, jikarsa na riƙe masa jaka. Ta daɗe tana satar kallonsa, sannan ta raɗa mini, "Ashe suna tsufa?"

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar yayata ba. Ta ɗaga ƙafar Inna ta haska fitila. Ragowar fulawar tana nan, ta koɗe amma ana ganin ganyen.

"Wa ya yi lallen nan? Ya yi kyau."

"Ni ce," na ce, kuma wallahi har a lokacin sai da wani ɗan daɗi ya taso mini.

"Tun yaushe kike yi a kan wurin nan?"

"Shekara biyu da rabi."

Ta sa Inna ta kwanta, ta laluba matsematsinta na hagu, hannunta ya tsaya.

"Mama, wannan kaluluwar fa?"

"Ta kwana biyu. Tuntuɓe na yi."

Ko ni ba ta taɓa gaya mini ba. Suka yanki ɗan nama daga tabon suka kai gwaji, aka ce mu dawo bayan sati biyu. Da muka dawo, sunan da na hana Zainu ƙarasa bayaninsa shi ne a rubuce a takardar. Likita ta ce za a yanke wurin da faɗi, har da wani yanki na diddigen, a ɗebo fata daga cinya a rufe. Za a cire kaluluwar a duba, daga nan za a san ko abin ya yi nisa. Na tambaye ta ko lallena ne ya jawo. Ta ce, "A'a. Lalle bai kawo shi ba. Ɓoye shi kawai ya yi." Tana ganin ta lallashe ni ke nan.

Gwaggo ta zo dubiya da lemo, ta zauna shiru, abin da tarihi bai taɓa gani ba. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta nuna mini wani tabo a wuyanta. "In mutumin naki ya zo, ki tambayar mini shi. Kada ki ce ni ce."

An sa ranar aiki Talata. Ɗazu bayan azahar Inna ta shimfiɗa tabarma a rumfa ta kira ni, ta ce in kwaɓa lalle. Na ce likita ta hana. Ta ce, "Ta hagu aka hana. Ta dama laifin me ta yi?" Na kwaɓo, na ɗora ƙafar a cinyata na fara. Sai da na kai rabi ta yi magana, idonta a kan rufin rumfa.

"Ki ce wa Malam ya turo magabatansa. Gobe. Na gaya wa babanki."

Malam. Ba zabiyan Kabo ba, ba mai malafa ba. Wata takwas ina roƙon wannan maganar, na yi azumi a kanta, na yi kuka a kanta. Yau ta zo, kuma ban taɓa jin maganar da ta tsorata ni kamarta ba. Na ce, "Inna, gaggawar me ake? A bari ki dawo mana."

"Na ce gobe. Ina so in ji da kunnena."

Da hannu ɗaya, ɗayan duk lalle, na rubuta masa. Na zaci zai turo kabbara. Ya daɗe, sannan amsa ta shigo. Inna ta ce in karanta da ƙarfi, na karanta.

"Ki ce wa Inna na gode, Allah Ya ƙara girma. Amma ba zan turo kowa ba kafin Talata. Ba na son yardar da aka ba ni a matsayin bankwana. Ta je ta dawo, ta taka ƙafarta, in har lokacin tana so ta faɗa. In kuma ta ce ta fasa, na san inda rana take."

Inna ta yunƙura ta tashi zaune har lallen ya goge a zanina.

"Ni? Ni zai gindaya wa sharaɗi? Na ba shi 'ya ya ce sai na dawo?"

"Haka ya ce, Inna."

Ta kalle ni, ta kalli ƙafarta ta hagu da ke naɗe da bandeji. Ta koma ta kwanta, ta juya fuskarta ga bango, ta ja mayafi ta rufe. Kafaɗarta tana rawa, ban san dariya take ko kuka ba, kuma ban tambaya ba. Can ta ce, "Ki rubuta masa. Ki ce ya ajiye malafarsa kusa. Zan dawo in kore shi da ƙafata."

Na rubuta. Na ɗauko ƙafarta ta dama na goge inda ya ɓaci. Kafin in sake sa lallen sai da na juya ta a haske na duba tafin, na duba diddige, na buɗa tsakanin yatsu, na bi farce ɗaya bayan ɗaya. Sannan na yi mata jan ƙunshi irin na da, babu salatif, babu fulawa.

Talata jibi ce.